Na haddace taiji, amma an manna ni da bango: ina ake samun malamin da ke koyar da aikinsa?

Ɗan Kurna:

Assalamu alaikum. Ina neman shawarar duk wanda ya taɓa sa ƙafa a harkar wasannin faɗa na Sinawa, musamman ukun nan da suke kira na ciki: taiji da xingyi da bagua.

Ni ɗalibi ne a Zhengzhou, babban birnin lardin Henan. Akwai wani lambun shaƙatawa a bayan ɗakunan kwananmu inda tsofaffi ke taruwa da sassafe, galibinsu mata 'yan fansho, su ajiye ƙaramar sifika a kan benci su yi taiji mai matakai 24. Daga leƙe na fara, har wata tsohuwa ta yafito ni ta tsayar da ni a sahun baya. Yanzu na haddace shi tsaf, idan baƙo ya zo ma ni ake nuna masa ya tsaya a bayana. Kuma gaskiya na ga amfani. Ciwon bayan da zaman aji ya jawo min ya lafa, barci ma ya daidaita.

To ga inda gizo ke saƙar. Muna da ɗan aji ɗan Kazakistan mai zuwa wajen sanshou, damben zamanin nan na Sinawa da ake naushi da shuri da kayarwa. Muna wasa a baranda ya ce in nuna masa taijin da nake yi. Ya kama min wuyan hannu, ya sa ɗaya hannun a ƙirjina ya tura, sai ga ni manne da bango. Ko ɗaya daga cikin 24 ɗin nan bai fito ba. Da na kai kuka wajen dattijon da ke ja mana gaba, dariya ya yi ya ce in bi a hankali, wai taiji sai an shekara 10 kafin a fita da shi ƙofar gida.

Tambayata biyu ce. Shin motsin nan suna da aiki a kan mutum mai rai, wanda ba zai ba ka haɗin kai ba, ko motsa jiki ne kawai aka laƙaba masa sunan faɗa? In suna da aiki, ta yaya ake gane malamin da zai koyar da aikin? Ƙauyen Chenjiagou, inda ake cewa can taiji ya samo asali, ba shi da nisa da mu, tsallaken Rawayen Kogi ne. Sannan wani ya turo min lambar WeChat, manhajar hira ta Sinawa, ta wani malami a nan cikin gari, wanda ya ce shi magaji ne na kaza a jerin malaman gidansu. A bidiyonsa yana ɗan girgiza kafaɗa sai almajirai uku su zube. Kuɗin shekara yake so a biya a dunƙule. Aljihun ɗalibi kuwa kun san yadda yake.

Bahago:

Wa alaikumus salam. Malam, riƙe kuɗinka.

Tambayarka ta farko an riga an amsa ta a gaban kyamara. A watan Afrilun 2017 a birnin Chengdu, Xu Xiaodong, ɗan damben MMA mai haɗa naushi da shuri da kokawa, ya kara da wani malamin taiji mai suna Wei Lei. Ko rabin minti ba a yi ba malamin yana ƙasa yana kare kai. A watan Mayun 2020 kuma aka yi na Ma Baoguo a lardin Shandong, sau uku yana shan ƙasa cikin daƙiƙa 30, kuma a hannun wanda ba ma ƙwararren ɗan dambe ba ne. Sannu ba ta hana zuwa, amma wallahi ba ta kare haɓa.

Ka bi ɗan Kazakistan ɗin nan wajen da yake zuwa. Wata shida da safar dambe a hannu ya fi shekara 10 ana shafa iska. Taijin kuma ka riƙe shi don ciwon baya, tun da ya karɓe ka.

Alhaji Ɗan Kwari:

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Ɗana, Allah ya ba da sa'ar karatu. Bahago gaskiya ya faɗa, sai dai bai ƙarasa ta ba.

Ni fatauci ya kai ni Sin, atamfa da shadda da leshi, kuma na daɗe ina sauka a Xiaobei ta Guangzhou, unguwar da duk Bahaushen da ya je sari ya sani. Jiran kaya su fito daga masana'anta yana cin makonni, ɗakin otal kuma ba wajen wuni ba ne, shi ya sa na saba da lambun Yuexiu da ke nan kusa. Da irin rukuninka na fara, sifika da tsofaffi da komai.

Fara da sanin abin da ke hannunka. Mai matakai 24 ɗin nan ba tsohon abu ba ne. A 1956 hukumar wasanni ta ƙasar ta sa aka tsamo shi daga salon gidan Yang, aka taƙaita, aka sauƙaƙa, don ma'aikata da tsofaffi su sami abin motsa jini. Shi kansa salon Yang ɗin ya riga ya sha gyara kafin nan. Yang Luchan, wanda ya rasu a 1872, a Chenjiagou ɗin da kake magana ya koya wajen Chen Changxing, daga baya ya kai shi Beijing. Jikansa Yang Chengfu ne ya mai da shi mai faɗi, mai tafiya a hankali bai ɗaya daga farko har ƙarshe. In ka ga na mutanen Chen, wato salon Chenjiagou, akwai tsalle a ciki, da dire ƙafa a ƙasa da ƙarfi, da naushin da ke fita farat ɗaya. Don haka tsohuwar da ta yafito ka ba ta cuce ka ba. Abin lafiya ta ba ka, kuma ya yi aikinsa.

Amma motsin ba fanko ba ne. Ɗauki wanda ke biye da buɗewa, wanda suke ce wa raba gezar doki, da kuke yi sau uku, hagu, dama, hagu. Kai a wajenka hannu ɗaya ne ke tashi sama, ɗaya yana sauka gefen ƙugu. Ga abin da ke ciki. Mutum ya miƙo hannun dama, ko zai cafke ka ko zai tura. Hannunka na dama ya riƙe wuyan hannunsa ya ja ƙasa, ba da ƙarfin dantse ba, da nauyin jikinka. Ƙafarka ta hagu ta shige bayan ƙafarsa ta dama har cinyarka ta manne da tasa. Hannunka na hagu ya ratsa ta ƙarƙashin hammatarsa ya gitta ƙirjinsa. Sai ƙugu ya juya hagu. Ba hannun ke kayar da shi ba. Cinyarka ce ta tare masa hanyar ja da baya, juyawar kuma ta tafi da kafaɗunsa, sai ya kwanta rigingine ta kan ƙafarka. Ranar da wani tsoho mai gyaran keke ya yi min shi a Yuexiu, ba zafi na ji ba, ba kuma ƙarfi ba, kawai dai na nemi ƙasa a ƙarƙashin ƙafata na rasa. Duk wanda ya taɓa zama a filin kokawa a Maraɗi ko Sakkwato ya san wannan taɗiyar. Mafi yawan abin da ke cikin taiji aikin kusa ne: riƙo, ɓata wa mutum tsayuwa, bangaza da kafaɗa, gwiwar hannu, kayarwa. Mutane naushin fim suke nema a ciki, shi ya sa suke rasawa.

To me ya hana shi fitowa a baranda? Tsakanin yin sa a iska da yin sa a kan ɗan Kazakistan akwai hawa-hawa, ku kuma ba ku ma taka na biyu ba.

Akwai tsayuwa, zhan zhuang, a tsaya cak gwiwa a ɗan lanƙwashe, hannuwa a zagaye gaban ƙirji, har cinya ta kama rawa. Mai kallo zai ce ɓata lokaci ne. Amfaninta shi ne kafaɗa ta sauka, ƙirji ya daina ɗaukar nauyi, nauyin ya koma ƙafa. Kai da aka tura ka a ƙirji, turin a ƙirjin ya tsaya, shi ya sa ka tafi gaba ɗayanka. Daga nan sai tuishou, turin hannu na mutum biyu. A haɗa bayan wuyan hannu, ana zagaye, shi ya turo ka kauce da ƙugu, kai ka tura ya kauce. Da hannu ɗaya ake farawa, a koma biyu, ƙafa a kafe, sannan a fara taku, sannan a saki tsarin gaba ɗaya kowa ya nemi ya tumɓuke ɗan'uwansa. A nan fata ke koyon jin inda mutum ya nufa kafin ya isa, su sauraro suke kiransa. Bayan wannan ne ake zuwa safar dambe da mutumin da ya zo da niyyar dukanka.

Ga inda nake tare da Bahago ɗari bisa ɗari. Tuishou yana farawa ne hannu na taɓa hannu. Faɗa ba ya farawa haka. Akwai tazara tsakanin inda naushi zai same ka da inda hannunka zai manne da na abokin karawa, kuma mutanen taiji da yawa har su tsufa ba su taɓa ratsa ta ana dukansu ba. Ka sake kallon bidiyon Chengdu ɗin, za ka ga malamin baya kawai yake ja, bai samu ya manne da komai ba aka gama. Su kansu magabatan ba da abu ɗaya suka tashi ba. Cheng Tinghua, ɗaya daga cikin manyan almajiran Dong Haichuan mai bagua, ɗan kokawar Sinawa ne, shuai jiao, kafin ya fara atisayen bagua na tafiyar da'ira. Sun Lutang, wanda ya yi suna wajen tara ukun nan a inuwa ɗaya, da xingyi ya fara, ya yi bagua wajen Cheng ɗin, taiji kuwa sai da ya kai wajen shekara 50 ya koye shi. Mutanen da suka riga suka san duka ne suka zo suka tace abin da suka sani. Mu kuma muna so mu fara daga tacewar.

Yanzu maganar malami. Mutumin WeChat ɗin nan ka shafa masa lafiya. Duk wanda almajiransa ke zubewa kafin a taɓa su, almajiran ne suka iya, ba shi ba. Lambar magaji na kaza kuwa, abin da take gaya maka shi ne wa ya miƙa wa shayi, ba abin da ke hannunsa ba. Abin ya yi yawan da a 2020 ƙungiyar wushu, wato wasannin faɗa na Sinawa, ta ƙasar ta fito ta ja kunnen mutane su daina naɗa wa kansu sarautar babban malami.

Ni ma'aunina ɗaya ne, kuma ba ya buƙatar Sinanci mai yawa: zai bari ka tura shi? Ka je da ladabi, ka gaisa, ka yi kallo, ka dawo wani satin, sannan ka roƙi arziki ya bari ka ji. Malamin gaske zai miƙo maka hannu ko ya nuna maka ƙirjinsa. In ka tura, ɗayan biyu za ka tarar. Ko dai ka ji ba ya motsi ko kaɗan alhali bai ƙanƙame jiki ba, ko kuma ka rasa abin turawa, dunduniyarka ta baya ta ɗaga ba ka shirya ba. In ya fara cewa kai sabo ne zai ji maka ciwo, ko qi ɗinsa, wato ƙarfin cikin jiki da suke faɗa, zai taɓa maka hanta, ka yi masa godiya ka kama gabanka. A wannan harkar gani bai kori ji ba, sai an taɓa.

Bayan haka ka ɗauke ido daga kansa ka kalli almajiransa da suka daɗe, domin wani ya iya don kansa ne, bai iya bayarwa ba. Suna tura juna da gaske, har wani ya yi taga-taga, su yi dariya su sake haɗa hannu? Ko kowa jira yake a taɓa shi ya yi tsalle baya? Malamin yana zagayawa yana sa hannu a ƙugunsu da kafaɗarsu, ko yana can gaba yana yi su suna kwaikwayo? Gyaran taiji da hannu ake yin sa. Wanda ya fi amfanata a cikinsu, yatsa biyu zai danna min a matsematsi ya ce nan, saki nan, sai ya tura ni a ƙirji. In na saki, turin ya bi ta ƙafar baya ya shige ƙasa. In ban saki ba, in tafi. Haka za mu yi ta yi har rana ta ɗaga, ba mu yi motsi ɗaya na tsari ba. Babu bidiyon da zai yi maka wannan. Kuma ka tambaye shi kai tsaye ko zai damu in kana zuwa sanshou. Wanda ya haɗe rai, tsoron abin da za ka gano yake yi.

Irin waɗannan mutanen ba su cika talla ba. A manyan lambunan birni, safiyar Asabar da Lahadi, ka wuce masu sifika da masu rawa da mafici, ka nemi lungun da mutane ke tsaye bibbiyu hannu a haɗe, babu kiɗa, babu kayan siliki. Ka sa abokinka Basine ya rubuta maka tuishou da haruffansu a waya ka riƙa nunawa. In ka saba da su za ka ji sunan wanda su kansu suke shakka a garin. Shi za ka nema.

Chenjiagou ka je, tun da ga ka ga shi, yana gundumar Wen ne a ƙarƙashin Jiaozuo. Amma ka je ido a buɗe. Tun kafin UNESCO ta sa taiji cikin jerin al'adun gado na duniya a Disambar 2020 ƙauyen ya riga ya zama wajen yawon buɗe ido, makarantu birjik. Akwai na gaske a ciki. Samarin da ke kwana a makarantun suna yin tuishou na gasa, ana ɗaga mutum a maka shi da ƙasa, ba wasa. Sai dai baƙon da ya zo na ɗan lokaci sau da yawa ajin hadda ake tura shi, ya ɗora wani dogon tsari a kan 24 ɗinsa ya dawo gida yadda ya je. Kafin ka ba da ko sisi ka tambaya sau nawa ake tuishou a sati, da su wa, kuma za a bar ka cikin samarin ko a'a. Ka biya na sati. Ka kuma tafi da guzurinka, ƙauye ba Zhengzhou ba ne da shagon taliyar halal a kowane titi.

Sai abu ɗaya da na yi mamakin ba ka ambata ba kana zaune a Henan. Xingyi yana da ɗan'uwa da ake kira xinyi liuhe, wanda Musulmin Sin 'yan ƙabilar Hui suka riƙe tun daga Ma Xueli na Luoyang a ƙarni na 18. Garin Zhoukou na lardinku ya shahara da shi, daga can ne Lu Songgao ya kai shi Shanghai. Ba shi da ado ko kaɗan. Dabbobi 10 suke kwaikwaya, tushen kuma takun kaza ne: a russuna, a taka gaba a layi, a juyo, a sake, har cinya ta ɗau wuta. Da kai ake duka, da kafaɗa, da gwiwar hannu, da ƙugu, da gwiwa. Na ɗan taɓa shi wajen wani ɗan Hui da ke yi mana jigilar kaya zuwa tashar jirgin ruwa. Taku ɗaya ya yi ya shigo min da kafaɗa, a hankali ma, numfashina ya ɗauke. Maganar da dattijonku ya faɗa maka tana da ƙarashe a bakin Sinawa: taiji shekara 10 bai fita ƙofa ba, xingyi shekara guda ya kashe mutum. Zuzutawa ce, amma tana da tushe, domin xingyi motsinsa kaɗan ne, naushi biyar ne ginshiƙinsa, tafiyarsa miƙe take, shi ya sa ake saurin ganin aikinsa. Unguwar Guancheng a Zhengzhou ta 'yan Hui ce, akwai tsohon masallaci a can. In ka saba da dattawan bayan Juma'a, a hankali ka jefa tambayar. Ba ranar farko ba.

Maman Iman:

Sannunku da hira. Ƙanena Ɗan Kurna, ni ban san faɗa ba, aikina gashi da motsa gaɓoɓi ne a asibiti, taijin ma a bidiyo na fara kafin na sami rukunin mata a unguwarmu. Abu biyu zan ƙara a kan na Alhaji.

Na farko gwiwa. Tun da ana tura ka wajen salon Chen da takun kaza, za a sa ka russuna sosai. Ka tabbata gwiwarka tana kallon inda yatsun ƙafarka ke kallo, kar ta karkato ciki. Kuma kar ka murɗa jiki a kan ƙafar da ke ɗauke da nauyi alhali tafin ƙafar a kafe yake, gwiwa ce za ta biya. Juyawa aikin ƙugu ne, ba na gwiwa ba. Zafin da ke cikin naman cinya ba komai, na aiki ne. Wanda ke cikin gaɓar kanta, ko a ƙarƙashin ƙoƙon gwiwa, ko wanda ya kwana ya tashi da kumburi, wannan ka tsaya. In malami ya ce ka daure zai wuce, ka ƙara shi cikin waɗanda Alhaji ya ce a yi wa godiya a tafi. Ka duba ma ko tsofaffin almajiransa duk da ɗaurin gwiwa suke zuwa.

Na biyu, Malam Bahago ya ce don ciwon baya kamar ƙaramin abu ne. An yi bincike da yawa a kan taiji, kuma inda ya fi nuna amfani a fili shi ne daidaita tsayuwar tsofaffi da rage musu faɗuwa. Wanda ya taɓa jinyar tsohuwar da ƙashin ƙugunta ya karye ba zai raina wannan ba. Kar ka yar da tsofaffin nan don ka sami sabon wuri. Kuma in za ku sa safa, ku rage dukan kai. Karatu ya kai ka.

Ɗan Kurna:

Alhaji, Allah ya ƙara girma, ya saka da alheri. Na gwada raba gezar dokin a kan abokin ɗakina yadda ka bayyana, yana tsaye bai hana ni ba, sai ga shi a kan katifa. Da na ce ya hana ni kuma ban ko samu ƙafata ta shige bayan tasa ba. Anti Maman Iman, na gode, gwiwata ta hagu dama tana ɗan karkatowa ciki, zan kula.

Saura abu ɗaya da ke damuna. Wani ɗan ajinmu Basine ya ce min duk abin da ake koyarwa a fili ɓawo ne, ainihin abin sai wanda ya yi baishi, wato ya shiga gidan malami a matsayin almajiri na ciki. Na kalli bidiyon yadda ake yi, na ga ana durƙusawa ana kai goshi ƙasa a gaban malamin, wani wajen har da turare a gaban hotunan magabata. Wannan kam ba zan iya ba. Ke nan ƙofar a rufe take gare ni?

Alhaji Ɗan Kwari:

Amin, ɗana. Abin da ya faru da abokin ɗakinka shi ne darasin gaba ɗaya, ka riƙe shi. Shigar ce aikin, kayarwar kowa ma zai iya.

Baishi gaskiya ne akwai shi. Ana rubuta takardar neman shiga, a miƙa shayi da hannu biyu, a ba da jan ambulan, a bisa tsohuwar al'ada kuma a kai goshi ƙasa sau uku. Goshinmu kuwa mun san wa muke kai wa ƙasa, wannan ba abin ciniki ba ne. Amma kar ka sa shi a ranka yanzu. Ba kai ke neman baishi ba, malami ne ke nuna alamar yana so bayan ya daɗe yana kallon halinka, kuma abin da yake nufi shi ne dangantaka: ka zama ɗan gida, ka ziyarce shi da sabuwar shekararsu, in ya kwanta ciwo ka je. Wanda ya tare ka da maganar baishi da farashinta a satin farko, kasuwa ya buɗe.

Batun ɓawo da ainihi kuma, ni abin da na gani shi ne babu wani motsi na ɓoye da ake ajiye wa na ciki. Bambancin shi ne yawan lokacin da hannun malami ke kanka. Wanda ke zuwa kullum, ya riga kowa, ya tsaya tsayuwar da aka ce ya tsaya, shi malami ke gyarawa, ko ya miƙa shayi ko bai miƙa ba. In ranar ta zo, ka faɗa masa a fili cewa kai Musulmi ne, ba ka sujada ga mutum. Sinawan Henan sun san Musulmi, maƙwabtansu ne tun kaka da kakanni, ba sabon zance za ka kawo musu ba. Ka miƙa shayin a tsaye, ka yi gaisuwar 'yan wushu, dunƙulen dama a cikin tafin hagu. Ni da na faɗa wa mai danna min yatsa a matsematsi, hannu ya kaɗa ya ce in bar zancen in saki ƙugu. Wanda ya ƙi, ba shi kaɗai ne malami a lardi mai mutum kusan miliyan 100 ba.

In za ka lungun tuishou ɗin, ka yanke farce, ka cire agogo, kuma kar ka je da niyyar kayar da tsoho. In ka sa ƙarfi za su gane, su daina ba ka hannu.

Bahago:

To Alhaji, na karɓi rabin, sauran sai na ga bidiyo. Anti, a yi min afuwa, ban raina ciwon baya ba.

Ɗan Kurna, tun da shiga ce matsalar, ga abin da za ku yi da ɗan Kazakistan. Ya sa safa, ku tsaya a tazarar da sai ya yi taku kafin ya same ka. Naushi ɗaya tak zai riƙa jefowa, na hannun gaba, miƙe, da rabin gudu. Kai ba ramawa za ka yi ba, aikinka ka kauce daga layin ka shiga ka manne da hannunsa ko ƙirjinsa, ka tsaya nan. In ka fara samun bakwai cikin goma, ya ƙara gudu. In ka saba da wannan, ya riƙa biyo shi da na biyu. Gezar dokin kar ka neme ta tukuna, in tana nan za ta fito da kanta, in ba ta nan ma za ka sani.

Ka sayi robar haƙori kafin ku fara, ba ta da tsada a Taobao, kasuwar intanet ta Sinawa.